Takabar Inna

Kwallin na fara gani. Kwana biyu da tarewarmu a Dutse Alhaji, ina tsaye a taga ina ɗaura labule, sai na hangi wata tsohuwa a ƙofar ɗakin da ke kallon namu, zaune a kan tabarma, ta riƙe ɗan madubi mai tsagewa a gefe tana zizara kwalli. La'asar ce, rana ta karkata ta bayan duwatsu, haskenta ya sauka a rabin fuskarta. Da ta gama ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta sa 'yan kunne, ta jawo wata langa da aka rufe da faifai ta ajiye a gefenta tare da buta. Daga nan ta zuba wa ƙofar gida ido.

Ni a lokacin littattafan soyayya sun gama cika min kai. Tun ina 'yar makaranta a Kano nake hayarsu, in ɓoye a cikin littafin lissafi, kuma da na yi aure buhu guda na taho da su Abuja. Mijina kayan mota yake sayarwa a Apo. Mutumin kirki ne, amma idan ya dawo da baƙin mai a farcensa, kalmar soyayyar da ya iya ita ce tambayar ko an sauke abinci. Saboda haka da na ga tsohuwa tana ado tana jiran miji, sai zuciyata ta narke. Na ce a raina ashe abin da ake rubutawa yana nan a duniya, Allah ya nuna min tsufa irin wannan.

Ban bar tagar ba sai ga wata mata ta fito daga ɗakin, za ta kai shekara arba'in, doguwa, idanunta sun faɗa. Ta durƙusa a gaban tsohuwar. Tsohuwar ta tambaye ta wani abu, ita kuma ta ba da amsa kanta a ƙasa. Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ga tsohuwar ta kama gefen zaninta ta goge kwallin da ta ɓata lokaci tana sawa, ta cire 'yan kunnen ɗaya bayan ɗaya ta zuba a tafin matar, ta dafa bango ta shige ciki. Can sai na fara jin kuka, ƙasa-ƙasa, irin na wanda ba ya son a ji. Langar tana nan a waje ba wanda ya buɗe.

Washegari da la'asar haka aka sake yi. Jibi ma haka.

Gidan haya ne mai ɗaki shida, kowa da ƙofarsa, tsakar gida ɗaya. A ɗakin ƙarshe akwai wata dattijuwa 'yar Filato da ta yi ritaya daga aikin asibiti, kowa Mama Nas yake ce mata. Ita ta warware min, ranar da muka tsaya tare muna jiran mai ruwa ya juye mana jarkoki. Ta ce tsohuwar Inna ce, matar kuma 'yarta ce ta fari, wadda 'yan gidan ke kira Yaya. 'Yan Zariya ne. Mijin Inna, wanda take kira Malam, ya shekara da shekaru yana sayar da huluna da carbi a bakin tashar Jabi, kullum da la'asar sakaliya yake dawowa, da ayabar da ya saya mata a gosulo, cikin cunkoson motoci. Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Bayan nan ne Inna ta kamu da ciwon mantuwa irin na tsufa. Likita ya ce ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ƙwaƙwalwa ce take sakin abubuwa, kuma na kusa take fara saki. Inna ta san sunan rijiyar unguwarsu ta Zariya, amma ba ta san mijinta ya rasu ba. Duk yamma sai ta tambaya. Duk yamma sai Yaya ta faɗa mata gaskiya. Ita kuma sai ta ji kamar yanzu aka aiko, ta cire ado ta shiga takaba, ta ƙi cin abinci har gari ya waye.

Mama Nas ta ce labarin yana gushewa kafin asuba, amma ciwon yana kwana a jiki. Ta ce in lura da awarwaron hannun Inna. Da a wuyan hannu yake tsayawa, yanzu yana zamewa har gwiwar hannu. Likita ya riga ya gargaɗe su cewa idan ta ci gaba da kwana da yunwa, jikin ba zai daɗe yana ɗauka ba.

Duk wannan na ji shi da kunnena, amma abin da ya tsaya min a rai shi ne an yi rasuwa a gidan maƙwabta ban yi gaisuwa ba. Mahaifiyata ta raine mu a kan cewa gaisuwar mutuwa ba ta tsufa, ko bayan shekara goma ka ji, ka je ka yi. Washegari da hantsi na sa hijabi, na ɗauki sabulu sinƙi ɗaya, na yi sallama a ɗakinsu. Na tarar da Inna cikin walwala, tana shan koko da ludayi, har tana tsokanata wai amarya ta fi ƙarfin gaida tsofaffi. Na durƙusa na ce, "Inna, ya haƙuri? Ashe Baba lokaci ya yi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Ta ajiye ludayin. Ta kalle ni, ta kalli 'yarta, ta ce, "Wane Baban?"

Ranar ko ruwa da ƙyar ta sha. Yaya ta rako ni bakin ƙofa, ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ɓata fuska ba. Cewa ta yi, "Ƙanwata, da yamma kaɗai nake binne ubana. Yau kin sa na binne shi da safe."

Na koma ɗaki na yi kuka kamar ni aka yi wa mutuwar. Kwana uku ina kewaye hanya don kada mu haɗu. A rana ta huɗu ita da kanta ta ƙwanƙwasa min, ta ce in ara mata turmi, alhali na san tana da nata. Daga ranar muka fara zama tare.

A hankali na san rayuwarta. Malamar firamare ce, ta ajiye aiki saboda Inna. Mijinta direba ne, yakan yi sati bai kwana a gida ba. Ita ke wanka, ita ke wanki, ita ke ɓoye ashana da wuƙa, ita ke bin Inna idan ta nufi ƙofa. Barcinta rabi ne, kunne ɗaya a farke. Kuma da yake 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ita ba, kunyar nan ta iyayenmu. Ke ce kawai, ko waccan. Duk abin da ciwon ya kwashe, bai kwashe wannan kunyar ba.

Na tambaye ta me ya sa ba za ta ce mata yana hanya ba, a wuce wurin. Ta ce Mama Nas ta sha ba ta wannan shawarar, har sun yi musu a kai. Ita ba ta taɓa yi wa uwarta ƙarya ba, ba kuma za ta fara yanzu da uwar ba ta da ikon gane ƙaryar ba. Duk da haka, wata rana da gajiya ta kai mata ko'ina ta bar Mama Nas ta gwada. Aka ce wa Inna gosulo ne ya riƙe shi. Inna ta jira har aka kira magariba, hankalinta ya tashi, aka ɗan juya baya sai ta sulale. A bakin titin Bwari wani mai shago ɗan Katsina ya gane ta, tana tare motoci tana cewa a kai ta Jabi. Tun daga nan Mama Nas ma ta janye maganarta. Gaskiya tana hana Inna abinci, ƙarya tana fitar da ita titi. Haka Yaya take zaune a tsakani, awarwaro kuma yana ƙara hawa.

Abin da ya canza zaman nan ba dabara ba ce, tsoro ne ya kawo shi. Wata Talata zazzaɓi ya kwantar da Yaya, Mama Nas ta ba ta magani ta ce lallai ta kwanta, ta ce ni in zauna da Inna. Na zauna a gefen tabarma, ina kallonta tana zizara kwallin. Na san tambayar tana zuwa kamar yadda na san za a kira magariba. Da ta rufe tandun kwallin ta kalli ƙofa, ta ce, "'Yar nan, Malam bai shigo ba?"

Ba zan iya cewa ya rasu ba, na ga abin da bakina ya taɓa jawowa. Ba zan iya cewa yana hanya ba. Sai abin da ya daɗe yana cina tun ranar da na hango ta a taga ya fito da kansa. Na ce, "Inna, wai don Allah a ina Malam ya fara ganinki?"

Ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ke ba ki da ta ido ko? Wa ya haife ki?" Amma bakinta yana motsi, dariya tana son kuɓucewa.

Na riga na shirya jin an haɗu a bakin rafi, ido ya faɗa cikin ido, tulu ya suɓuce. Ashe barkono ne. Ta ce tana budurwa an sa ta tsaron shanyar barkono a ƙofar gidansu, sai ga wani siririn saurayi a kan keken aro, ya sha babbar riga yana taƙama. Iska ta ɗebo yajin ta watsa masa a hanci. Ya yi atishawa, keke ya kauce, ya zube a tsakiyar shanyar. Ta ce ta zage shi tas, har da cewa mai ƙafa kamar muciya. Shi kuma yana hawaye yana atishawa yana tattara mata barkono da hularsa. Bayan kwana uku ya dawo wai ya zo ba da haƙuri. Ya yi wata shida yana ba da haƙurin nan.

Na yi dariya har na riƙe ciki. Ita ma ta yi, har da tafa hannu. Ina da ayaba a ɗaki, na ɗauko na ɓare mata, ta karɓa tana ci tana ba ni labarin yadda suka zo Abuja lokacin da unguwar nan duk ciyawa ce da duwatsu. Ta ci uku. Aka kira magariba tana tsakiyar labarin ɗakinsu na farko da rufinsa ke yoyo a kan gado. Ta yi alwala, ta yi salla, na buɗe langar na zuba mata, ta ci. Ba ta sake tambaya ba. Kwallinta yana idonta ta kwanta.

Da na ɗaga labule zan shigar da langar, sai na ga Yaya a zaune a bayansa, ta jingina da bango, zazzaɓi yana kaɗa ta, fuskarta jiƙe. Ta ce min ba ta taɓa jin labarin barkonon nan ba. Shekara arba'in tana ɗiyarsu.

Mama Nas ce ta mayar da abin tsari, da yake ita ta saba da aikin karɓa-karɓa. Ta ce tambayar Inna tana da lokaci, daga la'asar zuwa magariba, idan an haye wannan an haye ranar. Ta raba mana kwanaki, ni da ita da wasu mata biyu na gidan. Mai ranar za ta zo da ayaba, ta zauna, idan Inna ta tambayi Malam sai ita ma ta tambaye ta Malam: wace miya ya fi so, ya iya waƙa, wa ya fi faɗa a cikinsu. Yaya kuma dokarta ita ce ta shiga ɗakina ta rufe ƙofa ta yi barci. Da farko ta ƙi, wai me mutane za su ce, uwarta a hannun maƙwabta ita tana minshari. Mama Nas ta ce mata, "Madam, idan kai ya faɗi, wa zai ɗauki Inna? Je ka kwanta." Haka Hausarta take, kowa namiji ne a bakinta, kuma ba a yi mata musu.

Muka kuma sa doka a bakin ƙofa: duk baƙon da ya zo, a tare shi a faɗa masa kada ya yi wa Inna gaisuwar rasuwa. Ni aka ba wannan aikin, wai na fi kowa sanin illarsa. Wani ƙanin marigayin da ya zo daga Zariya ya ji haushi sosai, ya ce yaushe 'yan Abuja suka fara hana ta'aziyya. Na ba shi haƙuri na ce ya yi addu'arsa a zuci, Allah yana ji. Ya shiga yana ƙunƙuni, amma ya kiyaye.

Ba kullum abin yake ci ba. Wata rana Inna takan ture tambayarmu ta ce ba hira ta nema ba, mijinta ta tambaya. Irin wannan ranar sai an taso Yaya, a koma gidan jiya, a cire 'yan kunne. Amma daga kullum abin ya koma sau ɗaya ko biyu a sati. Labarin barkono kuwa na ji shi ya fi a ƙirga, wata rana keken baƙi ne, wata rana kore, kuma ban taɓa gajiya ba. Na daina buɗe buhun littattafaina. Ba don na daina son su ba, sai don babu wanda a cikinsu saurayi ya yi wata shida yana ba da haƙuri.

Ranar da ba na mantawa da ita, da damina ce. Ruwa ya hana zaman waje, muna cikin ɗakinsu, ni da Inna da Yaya, wadda ta tashi daga barcinta fuskarta ta ɗan ciko. Inna ta yi kwallinta, langa tana gefe. Ta daɗe tana sauraron ruwa a kan kwano. Sai ta juya, ba wajena ba, wajen 'yarta, idonta tar kamar an share gilashi. Ta ce, "Ke. Malam ya rasu ko?"

Na buɗe baki zan kawo zancen keke, Yaya ta ɗaga min hannu. Ta matso ta durƙusa, ta ce, "E, Inna. Ya rasu."

Inna ta yi salati. Hannunta ya tafi kunne, kamar kullum. Tana kokawa da ɗan kunnen tana cewa a fara ƙirga mata daga yau, kada kwana ɗaya ya kuɓuce, kada ta ci masa haƙƙi. Daga baya Yaya ta gaya min cewa kullum Inna takan faɗi wannan maganar, ita ce ba ta taɓa jinta da kyau ba, saboda a lokacin ita ma kuka take, ga gajiya ta toshe mata kunne. Ranar ta yi barci, sai ta ji.

Ta kama hannun uwarta ta sauke shi daga kunnen. Ta ce, "Inna, kin riga kin yi. Kin yi masa takaba kin gama."

Inna ta tsaya. "Na yi?"

"Kin yi. Wata huɗu da kwana goma, a ɗakin nan."

"Har kwana goman?"

"Har kwana goman. Ko ƙofar gida ba ki leƙa ba. Ranar fita ni na yi miki kitso, aka sa miki lalle, aka yi sadakar waina, kika ce gishiri ya yi yawa. Zanin nan da ke jikinki shi ne na fitar."

Inna ta sunkuya ta kalli zanin, ta murza shi a tsakanin yatsunta. Hawaye ya zubo, ya ja kwallin ya yi layi biyu a kumatunta, amma ba ta goge ba. Ta ce alhamdu lillahi, sau uku, a hankali. Ta yi masa addu'a doguwa, muka shafa. Can ta nuna langar da haɓa, ta ce, "To buɗe mana. Malam ba ya son a bar abinci ya kwana."

Mu uku muka ci, a kwano ɗaya. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe. Yaya tana ci tana kallon hannun uwarta yana zuwa yana dawowa.

Daga ranar muka sami amsa ta biyu. Idan hira ta ci, to. Idan ba ta ci ba, Yaya takan faɗi gaskiyarta, ta ɗora da cewa an yi takaba an gama, ta nuna zanin. Har sai da aka sayo irinsa guda biyu saboda wanki. Inna takan yi kuka, wannan ba a hana ta ba, amma takan ci abinci. Kafin kaka awarwaron ya dawo wuyan hannu.

Ta ƙara shekara biyu da wani abu. A ƙarshe ta daina tambayar Malam, ta daina gane mu, sai dai idan an miƙa mata tandun kwalli hannunta ya san abin yi. Ta rasu wata safiyar Juma'a, kanta a cinyar Yaya. Ba da daɗewa ba mu ma muka tashi daga gidan, mijina ya sami ɗaki kusa da shagonsa. Mama Nas ta koma garinsu wajen jikokinta.

Na sake ganin Yaya bara, a tashar Jabi, na raka ƙanwata za ta hau mota. Ta yi ƙiba, ta fara furfura, tana riƙe da leda cike da ayaba. Ta koma koyarwa. Ta ce amma ranakun Talata da Alhamis idan an tashi daga makaranta ba ta komawa gida kai tsaye. Labarin Inna ya zaga unguwa, sai aka fara aiko mata: wannan gidan tsohonsu yana tashi zai tafi gona, wancan tsohuwarsu tana neman jaririn da ya yi jikoki. Takan je ta zauna daga la'asar zuwa magariba, ta kori mai jinyar ta je ta kwanta. Yanzu su bakwai ne masu yin haka, har da matan coci biyu. Ranar ma wani gida za ta, wajen wani tsohon direba da ke neman makullin motar da aka sayar tun tuni.

Na tambaye ta me take ce masa. Ta ce ba ta ce masa komai, tambayarsa take yi yadda hanyar Lakwaja take a da, kuma har yau ba su wuce Gwagwalada ba. Kwandasta ya buga ƙofar mota yana kiran saura mutum ɗaya. Ta ciro ayaba biyu ta danƙa min, ta tattara hijabinta ta shiga.